Jirgin Wasa Mai Lamba Ɗaya, Da Garin Da Jirgi Bai Taɓa Zuwa Ba

  Tarihinmu na yau daga tsakar gidana ya taso, kuma rigimar yara biyu ce ta jawo shi.

Sallar da ta wuce na shiga babbar kasuwar Maraɗi na sayo wa ɗiyana maza biyu jirgin ƙasa na roba, irin wanda ake sa wa batir ya yi ta zagaya ɗan dogonsa. Kowa nashi, don a zauna lafiya. Ba a yi kwana uku ba ƙafar ɗaya ta ɓalle. Sai ga su gabana, kowa na rantsuwa mai lafiyar ne nashi. Ni kuma da wayona na ce, to a dubo lambar da ke jikin kowanne. Muka duba. Lamba ɗaya ce sak a jikin duka biyun.

Ranar kasuwa na koma wurin mai kayan, na ce ko akwai mai wata lamba daban in canza. Ya zazzage kwali guda a gabana, duk abu ɗaya. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai haka sunka zo. Uwa guda ta haife su, rana guda."

Da dare babban yaron ya tambaye ni, "Baba, jirgin gaske ma duk lamba guda gare su?" Na ce a'a, kowanne da tashi. Ya ce, "To mi ne ne lambar jirgin Maraɗi?"

Nan na yi shiru. Amsar wannan tambaya ce na zo da ita yau, kuma sai mun ɗan yi yawo kafin mu dawo gida.

Me ya sa ake yi wa kan jirgi lamba?

Kan jirgi shi ne injin da ke gaba yana jan taragai. Hukumar jirgin ƙasa ba ta sayensa ɗaya-ɗaya. Takan sayi goma, hamsin ko ɗari daga masana'anta guda, kamanni ɗaya, fenti ɗaya. To yadda makiyayi ke yi wa raƙumansa shaida don kada su saje da na wani a bakin rijiya, haka ake rubuta wa kowane kai lambarsa a gefen ɗakin direba da kuma goshi. A ofis kuwa kowace lamba da kundinta: ranar da ya fara aiki, tafiyar da ya yi, gyaran da aka yi masa, tashar da yake kwana, hatsarin da ya taɓa samu. In an cire lambar nan, ƙarfe ne kawai irin sauran ƙarafa.

Ga misali. Tsakanin 1941 da 1944 kamfanin Union Pacific na Amurka ya karɓi wasu ƙattan kawuna masu aiki da kwal guda 25, waɗanda ake kira Big Boy, lambobinsu daga 4000 zuwa 4024. Dukansu sun yi ritaya tuntuni. Amma a 2019 aka gyara mai lamba 4014 ya sake hawa dogo, mutane suka yi dafifi a bakin hanya suna kallo. A Ingila kuma, ranar 3 ga Yuli 1938, wani kai mai suna Mallard, lamba 4468, ya yi gudun da ya kai kilomita 203 a awa, har yau babu jirgin tururi da ya wuce shi. Guda 35 aka ƙera irinsa, amma shi aka fi sani, domin an rubuta lambarsa tare da ranar.

Har wani abin mamaki ya faru a can Ingila. A 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wani saurayi ma'aikacin ofishin jirgin ƙasa mai suna Ian Allan ya gaji da amsa wasiƙun masu tambayar lambobin jirage, sai ya tara su a ɗan ƙaramin littafi ya buga. Littafin ya ƙare nan da nan. Daga nan yaran Ingila suka samu sana'a: su tsaya bakin tasha da fensir, duk kan jirgin da ya wuce su ja layi ƙarƙashin lambarsa. Manya na yi musu kallon marasa aikin yi. Ku riƙe labarin yaran nan, za mu dawo kansu.

Daga wasan yara zuwa aikin dattawa

Jirgin wasa ya daɗe. Kamfanin Märklin na ƙasar Jamus ya nuna nashi a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891, mai makulli da ake murzawa kamar tsohon agogo, da dogo da ake harhaɗawa. A Amurka aka kafa Lionel a 1900, ya shahara da mai aiki da lantarki. A Ingila Frank Hornby na birnin Liverpool ya fito da nashi a 1920. Da farko galibi don yara aka yi su, kuma yaro ba ruwansa da lamba, in dai abu na tafiya.

Amma yaran sun girma ba su bar abin ba. Sai ya zama dattawa masu furfura, likitoci, malamai, tsofaffin ma'aikata, su keɓe ɗaki guda a gida su gina ƙaramin gari: tasha, gada, tsauni, gonaki, kasuwa, da dogo yana ratsawa. Ba yadda aka ga dama ake ƙera jiragen ba, akwai ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa ana ce masa HO, inda ake rage komai sau 87. Kan jirgi mai tsawon mita 20 sai ya dawo santimita 23, kamar takalmin yaro ɗan shekara goma, amma da fitilarsa, da tsaninsa, da ƙararsa. Mai kyau ɗaya kuɗinsa kan haura jikka ɗari na sefa. A birnin Hamburg na Jamus akwai wani gida da aka buɗe a 2001, Miniatur Wunderland, wanda mutane ke biyan kuɗi su shiga kallon irin wannan ƙaramar duniya.

To a nan kukan lamba ya taso. Wanda ke son ɗakinsa ya yi kama da gaskiya ba ya son ganin kawuna biyu da lamba ɗaya, don a duniyar gaske ba a yi. A Amurka kuwa jirgin kaya yakan yi tsawo har sai an haɗa kawuna uku ko huɗu su ja shi. Mutum ya tara kuɗi zai sayi huɗu, sai ya tarar kamfani lamba biyu kawai ya buga. A 1937 Lionel ya fitar da wani kai da ya yi suna ƙwarai, kwaikwayon na hukumar New York Central. Na gasken sun fi 200, amma na wasan kowanne 5344 aka rubuta masa. Ka ga abin da ya faru a tsakar gidana ba sabon abu ba ne.

Me ya hana su buga lambobi da yawa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunya zai gane. Abin zubi ɗaya ne, kuma shi ne mai tsada; da an same shi, tukunya dubu ma kamanninsu ɗaya. Haka gangar jikin jirgin wasa. Lamba kuwa daga baya ake buga ta, da wani inji mai kamar hatimi wanda ke ɗauko tawada daga farantin ƙarfe da aka sassaƙa. Kowace sabuwar lamba sai an yi mata nata faranti, a tsai da inji, a sake saiti, a buga gefen dama, a buga na hagu, a buga goshi da ƙeya. Sannan kwali sai an canza masa takarda, a ba shi lambar kaya daban a littafin ɗakin ajiya. Mai kanti kuma dole ya ajiye kowace iri, in wata ba ta samu mai so ba ta yi masa kwantai. Yawancin masana'antun yanzu a kudancin ƙasar Sin suke, kuma ba sa kunna inji don abu kaɗan. Shi ya sa kamfani kan fitar da lamba biyu, uku ko huɗu a zubi guda, in sun ƙare sai a jira zubi na gaba, wani lokaci shekaru.

Zuwan na'ura ya ƙara wa abin zafi. Tun shekarun 1990 aka daidaita wani tsari da ake kira DCC, inda ake sa wa kowane kai 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa, a ba shi adireshi, mai jirgi ya riƙa ba shi umarni daga abin da ke hannunsa. Daga masana'anta duka da adireshi 3 suke fitowa, sai mai shi ya canza, kuma mafi sauƙi shi ne ya sa lambar da ke rubuce a jiki. In kawuna biyu suka zama adireshi ɗaya, ka ce wa ɗaya tashi, duka biyun su tashi. Kamar mai 'ya'ya biyu duka Sani a gida ɗaya.

Dabarun da suke yi sanannu ne. Wasu su kankare lambar a hankali su liƙa wata, da wata siririyar takarda da ake jiƙawa a ruwa. Wasu su sayi wanda ba a yi wa lamba ba tun farko. Wasu su haɗa kai a ƙungiya su yi odar tasu ta musamman. Amma ga inda maganar ta shafe mu: ko kamfani ko mai liƙawa, ba ya ƙirƙiro lamba daga kansa. Sai ya nemo tsohon hoto, ya duba jerin da aka adana, ya tabbatar kai mai wannan lamba ya taɓa wanzuwa, da fentinsa na wannan shekara. Su wa suka adana? Yaran nan na bakin tasha masu fensir, da masu ɗaukar hoto, da ma'aikatan da ba su ƙone kundi ba. Lambar da ba wanda ya rubuta, ba mai sake buga ta.

Jirgin da ya tsaya a Kano

Yanzu mu juyo gida. Su can kukan targaɗe suke yi, mu namu karaya ce, don mu kan jirgin ma ba mu taɓa samu ba balle lambarsa.

Dogo ya iso Kano a 1911, bayan an faro aikinsa daga Baro a bakin Kwara a 1907, zamanin gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne. A 1912 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa, aka kuma haɗa shi da layin Legas, tafiyar sama da kilomita 1,100. Turawan Ingila auduga suka sa rai, sai manoman ƙasar Hausa suka zaɓi gyaɗa, gujiya yadda muke cewa, har aka wayi gari da dalar gyaɗa a Kano da manyan attajirai irin Alhassan Ɗantata. A 1929 wani reshe ya tashi daga Zariya ya bi Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda. A 1930 wani ya tashi daga Kano ya tsaya Nguru. Ku duba taswira: rassan biyu sun miƙo arewa kamar ƙahonni, Maraɗi na tsakiya, amma ba wanda ya ƙetaro. Ko Katsina ma bai je ba.

Dalili kuwa iyaka ce. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka yi a 1904 da 1906 sun bar Maraɗi da Tibiri a hannun Faransa, Katsina da Sakkwato a hannun Ingila, duk da cewa gida ɗaya ne: sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce da suka kafu nan wajajen 1819 zamanin Ɗan Kasawa, ta Tibiri kuwa ta Gobirawa. Baturen Ingila ba zai shimfiɗa ƙarfensa a ƙasar wani ba, na Faransa kuma ya ga nisa daga teku ya yi masa yawa.

Kawunan jirgin Najeriya suna da lambobi, da yawansu har da sunaye. A 1948 masana'antar Vulcan Foundry ta Ingila ta ƙero wani rukuni da aka raɗa wa kowanne sunan kogi. Kwal ɗin Inugu suke ci. A tsakiyar shekarun 1950 aka fara kawo masu shan gas, sannu a hankali masu tururi suka kau. Wani tsohon ma'aikacin hukumar, Francis Jaekel, ya rubuta tarihin reluwen Najeriya mujalladi uku, kuma a Ebute Metta ta Legas akwai ɗan gidan tarihi mai ɗauke da sunansa. Duk da haka, in ka buɗe kundin kayan manyan kamfanonin jirgin wasa, jiragen Amurka, Jamus, Ingila da Japan ne suka cika shi. Da wuya ka ci karo da wanda ya ja gujiyar kakanninmu. Kamfani inda masu saye suke can yake kallo, kuma dogon Najeriya na da siriri ne, milimita 1,067, ba irin na Turai mai 1,435 ba.

Amma fa jirgin nan ya ci arzikinmu, mu ma mun ci nashi. Gujiyar Maraɗi, Tibiri, Madarunfa da ƙauyukan Gulbi, wadda kamfanoni irin CFAO da SCOA ke saye, kan jakai da raƙuma ta fara tafiya, daga baya manyan motoci suka karɓa, zuwa Kano, daga can jirgi ya kai ta Legas. Kakanninmu fatake sun ga jirgi, sun hau shi zuwa Ikko da Badun neman goro da tufafi, sun dawo suna ba da labarin abin da ke tafe yana huci. Wajajen 1953 Faransa ta ga kuɗi na zurarewa ta hannun Ingila, sai ta fito da shirin da ta kira Hirondelle, wato tsattsewa: motoci su kwaso kaya daga Paraku su kawo Maraɗi, su koma da gujiya, a loda ta a jirgin da ke zuwa Kwatano, dogon da ya isa Paraku tun 1936, tsawon kilomita 438. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahomey da Nijar don wannan layi. Wato ƙasarmu ta yi shekaru da dama tana da hannu a hukumar jirgin ƙasa alhali ba ta da ko taku ɗaya na dogo. A 1962 aka kafa SONARA ta karɓi cinikin gujiya, har farin 1973 da 1974 da ciwon da ya biyo baya suka durƙusar da nomanta.

Jirginmu shi ne babbar mota

Tunda jirgi bai zo ba, mota ce ta zama jirginmu. Berliet, Marsandi, DAF, mai bodin katako da dogon baro, su suka gina Alhazan Maraɗi, waɗanda har wani manazarci Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986. Yaro kuwa abin da ya gani shi yake ƙerawa. Ɗan Ingila ya ga jirgi ya nemi jirgin wasa, mu muka ga kamiyo muka ƙera kamiyo.

Wanda ya tashi a Jiratawa a shekarun 1980, lokacin da aikin noman rani na fadama yake sabo, ya san abin da nake faɗi. Da an gama girbi sai mu bazu gonaki neman kara mai kauri. A ɓare bawon a yi ƙusoshi da shi, ɓargon a yanka a yi bodi. Tayu kuwa tsohon silifa ake yankawa. Waɗanda suka fi mu hannu su yi ta waya ko ta langa-langa, ko su buɗe gwangwanin madara da na tumatir su yi tanka mai ɗaukar mai, har da sitiyari dogo da ake riƙewa a tsaye ana turawa. In an gama, aiki na ƙarshe kuma mafi girma shi ne lamba. Da gawayi ko bik ake rubuta ta gaba da baya, da 4 ɗin jihar Maraɗi a farko da RN a ƙarshe, ga waɗanda suka tarar da wannan tsari. A goshi kuma a rubuta irin abin da direbobi ke rubutawa, Allah ya kiyaye, ko haƙuri maganin duniya.

Kuma muna da doka, ba wanda ya koya mana ita: ba a maimaita lamba. Kowa da motar gaske da ya riƙa, ta Alhaji wane ko ta direba wane, shi kaɗai ke da ikon ɗaukar lambarta. In wani ya kwaikwaya, ranar akwai kokawa a bakin gulbi. Abin da ya gagari masana'antar ƙasar Sin, mu yaran ƙauye mun warware shi, don abin da aka yi da hannu ɗaya-ɗaya ba ya buƙatar faranti.

To ina motocin nan yanzu? Na kara gara ta cinye kafin damina. Na gwangwani sun yi tsatsa. Wannan ba komai, abin wasa ne. Abin da ke damuna shi ne na gasken ma sun tafi haka, 'yan gwangwan sun yanka su an auna a kilo, kuma ba mu da yaro mai fensir da ya rubuta.

Bara na je gaida wani tsohon direba a Maraɗi, abokin mahaifina, ya haura tamanin. Bai yi lakwal ba, bai iya karatun boko ba. Na ce, "Baba, ko kana tuna motarka ta fari?" Ya gyara zama ya karanto min lambarta ba gargada, kamar mai karanta Fatiha. Daga lambar nan sai labari ya ɓalle: maigidan da ya sayo ta, shekarar da sunka kwana tara a hanyar Paraku saboda gada ta karye, yaran mota da sunka yi aiki ƙarƙashinsa har sunka zama direbobi, buhu nawa take ɗauka, inda ta ƙare. Awa biyu yana magana. Ni kuma, Allah ya yafe min, waya na aljihuna ban ɗauki muryarsa ba, na ce sai na dawo. Kafin in dawo ciwo ya kama shi, yanzu magana ma da ƙyar. Lambar nan na manta ta, labarin kuma rabinsa ya bi ta.

Dogon da ke tafe

Mun taɓa ganin an shimfiɗa dogo a ƙasar nan. A watan Afrilu 2014 aka yi bikin tashar jirgi a Yamai, kamfanin Bolloré ya ja layi kusan kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikinsa a farkon 2016. An nuna jirgi a talabijin, manya sun shiga sun zauna. Bayan nan shari'a da saɓani suka tsai da aikin haɗa shi da Paraku, jirgin bai yi jigilar jama'a ba. Ina tambaya: mu nawa ne za mu iya faɗin lambar kan jirgin da ya fara taka ƙasar Nijar? Abu ne na jiya-jiya, kowa da waya a hannu, amma ga shi.

Yanzu kuma ido na kudu. Ranar 9 ga Fabrairu 2021 shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan 2. Mai faɗi ne, milimita 1,435. Hanyar da Katsinawa suka biyo da dawaki shekara ɗari biyu da suka wuce, ita ƙarfe zai biyo. Yaushe zai iso, Allah ne masani, kuma abin da ya faru a Doso ya koya mana kada mu yi guɗa tun ba a ga amarya ba. In ya zo zai taɓa kowa: mai zogale da albasa na Jiratawa da zai so kayansa su kwana Kano da ɗanyensu, mai gonar da layi zai ratsa, da direban babbar mota da zai ga an rage masa lodi.

Ga roƙona, abu uku, ba mai buƙatar kuɗin gwamnati.

Na farko, duk mai tsoho a gida da ya yi tuƙi, ko yaron mota, ko dako a zamanin gujiya, ko fatauci ta jirgin Kano, ya zauna da shi wannan mako, kada ya ce sai ya dawo. Fara da tambayar lamba ko sunan motar, za ka ga yadda sauran zai biyo. Ka ɗauki muryarsa da izininsa. In akwai tsohon hoto a ƙasan akwati, a ɗauke shi da waya, a rubuta shekara da wuri.

Na biyu, matasa masu ɗaukar hoto, ranar da kan jirgi na farko ya shigo jihar Maraɗi, kada hankalinku ya tsaya kan manyan baƙi kawai. Ku nemi izinin ma'aikata, ku tsaya nesa da dogo, ku ɗauki gefen ɗakin direba inda lamba take, ku rubuta rana da wuri. Hoton manya kowa zai ɗauka. Wancan ne za a nema bayan shekara hamsin.

Na uku, malaman lakwal da maƙeranmu masu aikin gwangwani, kada mu jira wani kamfani a Jamus ya ƙera mana jirgin Maraɗi, don ba zai yi ba. Hannun da ya yi tanka da gwangwanin madara zai iya yin kan jirgi da taragansa. A sa yara su yi, kowa da tashi lamba, a ajiye masu kyau a makaranta inda gara ba ta kaiwa.

Rigimar gidana kuwa ga yadda ta ƙare. Uwarsu ta kawo jan farce, muka shafe lambar masana'anta a jikin duka biyun. Ƙaramin ya ce a rubuta masa 4, don shi ɗan Maraɗi ne. Aka yi ƙuri'a, mai karyayyar ƙafa ya faɗa kan babban, ya gyara ta da murfin kwalba. Na ce wace lamba za a sa maka? Ya ce a bar wurin haka nan, sai jirgin gaske ya zo ya gani da idonsa ya kwafa.

Allah ya nuna mana ranar da rai da lafiya, ya jiƙan magabatanmu da suka sha ƙurar hanyar Kano da ta Paraku, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wanda ya samo lamba ko labari daga wurin tsohonsa, ya aiko mana, za mu karanta wa jama'a. Sai mun sake haɗuwa, a gaida mutan gida.